Yadda ake yi wa alminiyom sulke a zafin Damagaram, da abin da mahaɗi ke yi wa ramukansa

A watan Afrilu na fara gwada wannan aiki, a bayan shagonmu na tagogin alminiyom. Na tsoma guntun ƙarfe cikin asid, na ba shi wuta minti 45, na ciro na jefa a galura. Ya sha baƙi wuluk, har na fara washe baki. Da ya bushe na murza shi da babban yatsa, sai ga baƙin ya biyo yatsana kamar toka. Yaron shagona ya leƙo ya ce, "Maigida, anya asid ɗin nan ba jabu ba ne?" Asid lafiyarsa lau. Ruwan ne ya kai digiri 33, ni kuwa ko ma'aunin zafi ban sa ba.

Aikin shi ne wanda ƴan boko ke kira anodizasiyon. Ni sulke nake ce masa, don abin da yake yi ke nan: ana tilasta wa alminiyom ya haifi fata mai tauri daga jikinsa, wadda ba fenti ba ce balle ta ɓare. Tun 1923 aka fara shi a Ingila da asid kuromik don kare sassan jiragen sama masu sauka kan teku, a 1927 kuma aka fito da hanyar asid sulfurik, wadda ita ce har yau aka fi yi. Tagogin da muke yankawa masu ruwan azurfa ko ruwan tagulla, yawancinsu da wannan sulken suke zuwa daga masana'anta.

Abin da ke faruwa cikin bokitin

In ba ka fahimci wannan ba, duk abin da zan faɗa a kan mahaɗi, wato sinadarin da ake ƙara wa ruwan asid, zai zama kamar tsibbu.

Abu biyu ne ke kokawa. Wutar lantarki tana gina oksid, wato fatar nan mai tauri, a jikin ƙarfen, asid kuma yana cin abin da aka gina. Da a ce ruwan ba ya cin oksid, kamar ruwan asid borik tsantsa, da fatar ta tsaya siririya, liƙe ruf babu huda, ginin ya ƙare cikin ɗan lokaci. Amma sulfurik yana ci, don haka sai fatar ta fito da ramuka tsaye, kowane rami a tsakiyar ɗaki mai kusurwa shida, jere kamar saƙar zuma. Wani mai bincike, Keller, da abokan aikinsa suka bayyana wannan siffa a 1953. Ramukan ba sa kaiwa ga ƙarfen. A gindin kowanne akwai ɗan siririn daɓe da ya raba asid da alminiyom, kuma a nan gindin ne sabon oksid ke tsirowa. Ke nan bakin rami shi ne tsoho, shi ya fi daɗewa cikin asid.

Faɗin ramin a sulfurik bai wuce nanomita 10 zuwa 25 ba. Silin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu 70 ko fiye, don haka madubin duba jini na asibiti ba ya ganinsu, sai na'ura mai aiki da ilektaron. Tazarar da ke tsakanin rami da rami kuwa ƙarfin wuta ne ke yanke ta: kusan nanomita 2.5 a kan kowane bolt. A sulfurik kan bolt 25 tazarar kusan nanomita 63 ce, a asid oksalik kan bolt 40 kusan 100, a asid fosforik kan bolt 195 kusan 500. Masuda da Fukuda na Japan sun nuna a 1995 cewa a oksalik kan bolt 40 ramukan kan jeru tsaf kamar an sa igiya.

To ga inda zafinmu ya shigo. Ruwa in ya yi ɗumi, asid yakan ƙara haɗama. Yana cin bangon ramin, kuma ya fi cin bakin tunda nan ya daɗe da samu. Ramin da ya kamata ya tsaya sambal kamar kara sai ya buɗe baki kamar kakakin fada. Bango tsakanin rami da rami ya sirance har ya rushe. Tokar da ta biyo yatsana ke nan. Irin wannan fatar ta fi kowacce shan galura, shi ya sa take ruɗin sabon shiga.

Kayan aiki

Ka nemi asid ɗin batir sabo, wanda ba a taɓa zuba shi cikin batir ba. A kula, masu shago "ruwan batir" suke ce wa abu biyu: asid ɗin, da kuma tataccen ruwan da ake ƙara wa batir. Dukansu kana buƙata, amma ka tambaya da kyau. Sai na'urar wuta ta DC mai daidaitawa irin ta masu gyaran kwamfuta, mai kai bolt 30 da ampiya 5. Ta masu gyaran salula takan yi ƙanƙanta sai ga ƙananan kaya. Sai bokitin roba mai kauri, babbar roba da bokitin zai zauna ciki, ma'aunin zafi, ƙaramin sikeli mai auna giram, wayar alminiyom, farantin alminiyom, soda ta masu sabulu, ƙanƙara, safar hannu ta roba da tabarau mai rufe gefen ido. Ka ajiye kanwa jiƙaƙƙiya kusa da kai; in asid ya zuba a ƙasa, ita ke kashe shi. In a jiki ne ko ido, ruwa mai yawa nan take, ba kanwa ba.

Jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe kada ya taɓa ruwan ko kaɗan. Abin ratayewa alminiyom ne.

Zancen ƙarfen da za a yi wa sulke: guntayen taga, irin haɗin da ake kira 6063, su ne sarakai a wannan aikin. Tukunya ko ludayin da maƙeran kasuwa suka zuba daga narkakkun fistin da kan injin mota, wannan ka haƙura da shi. Yana cike da silikon, wanda ba ya zama sulke, sai abin ya fito toka-toka mai dabbare. Na ɓata asid da yawa kafin na yarda.

Haɗa ruwan

Asid ɗin batir yana da kusan kashi 37 cikin 100 na sulfurik. Abin da ake so shi ne giram 165 zuwa 200 a kowace lita. Mudu ɗaya na asid a kan mudu ɗaya da rabi na tataccen ruwa zai ba ka kusan giram 190. Wato lita 2 na asid, lita 3 na ruwa, ka sami lita 5. Ruwa ake fara zubawa, sannan a tsiyaya asid a kai a hankali. Kada ka juya wannan tsarin. Haɗin zai yi ɗumi, ka bar shi ya kwana.

Kada ka ce za ka yi tsimi da ruwan pampo ko na rijiya. Gishirin da ke ciki, kuloraid, shi ma mahaɗi ne, amma mugu: yana huda ɗan daɓen nan na gindin rami, ƙarfen ya fito da ɗigo-ɗigo kamar zanen ƙyanda. Masana'antu ba sa barin ya wuce miligiram 200 a lita. Don haka in ka saba barbaɗa gishiri kan ƙanƙara don ta ƙara sanyi, ka kiyaye kada ya fantsama cikin asid.

Wanke ƙarfe

Ka goge da takardar yashi har ya yi yadda kake so, don sulke ba ya ɓoye ƙarzuwa, ƙara fito da ita yake. Wanke da sabulun kwanuka, ɗauraye. Jiƙa giram 40 na soda a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi, ka tsoma ƙarfen minti 1 zuwa 3. Zai yi ta kumfa. Iskar haidirojin ce, mai kama wuta, don haka a fili ake yi, babu taba babu walda kusa. In guntun taga ne mai tsohon sulke, zai ɗauki minti 5 zuwa 10 kafin tsohon ya fita. Yadda za ka gane: ɗora ƙafafu biyu na mitar awon wuta a jikinsa, in wuta ta wuce, ya tuɓe.

Ɗauraye, sannan ka tsoma shi minti biyu-uku cikin ɗan asid da ka ware a wani kofi daban, don ya cire dattin da soda ta bari. Sake ɗauraya. Ka ɗaga shi ka duba: in ruwa ya kwanta shimfiɗe a jikinsa, ya tsarkaka, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo, akwai maiƙo, koma baya. Daga nan hannu ba ya sake taɓa shi.

Ɗaure shi da wayar alminiyom tamau, ka murɗe da filaya. Rabin ayyukan da ke lalacewa a nan suke lalacewa: in ɗaurin ya yi sako-sako, sulke ya tsiro tsakanin waya da ƙarfe, wuta ta yanke, kana zaune kana gadin wayar banza.

Lissafin wuta

Ana ba da ampiya 1.2 zuwa 1.5 ga kowane fili mai santimita 10 tsawo, 10 faɗi. Ka lissafa gaba da baya. Faranti mai 10 da 10 yana da fuska biyu, ampiya 3 ke nan. Ɗan maƙalin makulli mai santimita 3 da 6 kuwa rabin ampiya ya ishe shi.

Kaurin sulke a maikiron (ɗaya cikin dubu na milimita) kusan haka yake: 0.3 sau ampiyar da ka ba kowane fili, sau mintoci. A ampiya 1.5, minti 40 zai ba da kusan maikiron 18, wanda ya isa rini baƙi. Launi mai haske, minti 25 ya wadatar.

Jar waya a kan kayan da ake wa sulke, baƙar waya a kan farantin alminiyom da ka jingina a gefen bokiti, kada su haɗu. Saita na'urar ta riƙe ampiya, ka bar bolt ya nemi wurin zamansa. Zai hau ya tsaya tsakanin 12 da 18. Ƙananan kumfa za su taso daga farantin. Ka riƙa motsa ruwan da sandar roba, don zafin a gindin ramuka yake taruwa.

Ana son ruwan tsakanin digiri 18 da 22. Ka tuna aikin kansa yana dafa ruwan: bolt 15 da ampiya 3 wat 45 ne, a minti 40 zai ɗaga lita 5 da digiri 5 ko 6 in ba sanyi. Ƙanƙara a babbar robar waje take zama, ba cikin asid ba. A Disamba da Janairu, in ka fara bayan asuba, kusan hunturu ya yi maka aikin kyauta. A Afrilu da Mayu kuwa, da rana ke wuce digiri 40, ƙanƙara na narkewa kana kallo, kuma nan ne mahaɗi ke da rana.

Mahaɗi

Abin da mahaɗi mai kyau ke yi ɗaya ne: rage wa asid haɗama a bangon rami ba tare da hana wuta gini a gindi ba. Sakamakon, rami ya fi tsayuwa sambal, bakinsa bai wage ba, bangonsa ya yi kauri. Sau da yawa za ka ga bolt ya ɗan ɗaga a kan ampiya iri ɗaya, kuma tunda tazara bolt take bi, ɗakunan sun ɗan ƙara faɗi, ramukan sun ragu a yawa.

Asid oksalik shi ne na fi yarda da shi. Farin gari ne, masu goge tayil da marmara da masu wanke katako suna amfani da shi. Giram 10 a lita nake sawa. Masana'antu na sa tsakanin 5 da 20. Oksalet ɗin da ke cikinsa yana kama alminiyom ɗin da ke fuskar bangon, ya yi masa kamar shamaki, asid ya rage samun wurin ci. Da shi za ka iya aiki a digiri 24 ko 25 ka sami fata mai tauri wadda sulfurik zalla ba zai ba ka ba sai a 20. Yana da halinsa: in sulken ya yi kauri yakan ɗan ja zuwa ruwan ɗorawa, wanda ba ya damun baƙi ko ja amma yana dusashe shuɗi. Kuma wuta tana cinye shi a hankali, sai an riƙa ƙarawa. Guba ne, kada a ajiye shi inda za a ɗauka sukari ne.

Gilisarin, wanda mata ke shafawa da hunturu, shi ne mafi sauƙin samu. Na farmasi za ka saya, tsantsa, ba mai turare ba. Mililita 15 zuwa 20 a lita. Yana ɗan ƙara wa ruwan kauri, yana kuma lafewa a bangon ramin, cin asid ya ragu. A masana'antu tare da asid gilaikolik ake haɗa shi don yin sulke mai tauri ba tare da sanyaya ruwa sosai ba. In ka zarce, ruwan ya yi yauƙi, zafi ya daina fita daga ramuka, bolt ya yi ta hawa, gefen ƙarfe ya ƙone. Ba miya ba ce da za a ce yawan mai ya ƙara daɗi.

Asid tartarik shi ne tsamin da ke cikin tsamiya. Masu ƙera jiragen sama a Turai sun koma gare shi don su rabu da kuromik mai jawo ciwon daji: kusan giram 40 na sulfurik da giram 80 na tartarik a lita, a digiri 37, kan bolt 14. Da na fara jin digiri 37 na ce to ga namu ya samu. Amma sulken da ake samu a haka siriri ne, ƴan maikiron kaɗan, an yi shi ne don a ɗora fenti a kai, ba don rini ba. Kuma kafin wani ya tambaya: a'a, jiƙon tsamiya ba zai yi ba. Sukari da datti da gishirin da ke ciki sun fi tartarik ɗin ɓarna.

Akwai waɗanda za ka ji sunansu amma ba na shago ba ne. A ɗakunan bincike ana zuba etanol a ruwan don a iya sanyaya shi ƙasa da sifili bai daskare ba, a ba shi bolt mai yawa bai ƙone ba. Ana sa etilin gilaikol don a rage gudun wuta. Fosforik kuma akasin sauran yake yi: buɗe rami yake. Ana jiƙa sulke a fosforik mai kashi 5 cikin 100 da gangan don faɗaɗa ramuka, kuma masu manna sassan jirgi da gam suna son manyan ramukansa. A wurinmu illa ne, don ko kaɗan ne ya shiga, ramukan ba sa toshuwa da kyau a ƙarshe. Kuromik kuwa, ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa.

Mahaɗi na ƙarshe shi ke zuwa da kansa: alminiyom ɗin da ke narkewa cikin ruwan. Sabon ruwa fil yana da zafin kai. Wanda ya ɗan yi aiki, mai giram 5 zuwa 15 na alminiyom a lita, ya fi ba da sulke mai kyau. Shi ya sa nake fara jefa ƴan guntaye marasa amfani in yi musu sulke kafin in sa aikin mutane. In ya wuce giram 20 kuma, bolt ya hau, launi ya fara dabbare, lokacin zubar da wani kaso a ƙara sabo ya yi.

Gwajin kwalba uku

Kada ka ɗauki maganata, ka gwada. Raba ruwanka lita ɗaya-ɗaya gida uku: na farko zalla, na biyu da giram 10 na oksalik, na uku da mililita 20 na gilisarin. Yanka guntaye uku daga sandar taga ɗaya, girma ɗaya. Yi musu sulke ɗaya bayan ɗaya, ampiya ɗaya, minti 35, kuma ka riƙe zafin a digiri 25 da gangan. Rubuta bolt a minti na 5 da na 30. Rina su tare a tukunya guda, ka ciro su tare.

Ba ka da na'urar ganin ramuka, amma galura za ta gaya maka. Na ruwa zalla shi zai riga shan launi, don bakinsa a wage yake. Sauran biyun za su fito da ɗan haske. Bayan ka toshe su, ka goga musu takardar yashi mai laushi sau ashirin-ashirin da nauyin hannu ɗaya. A nawa gwajin, na zalla ne ya fara nuna farin ƙarfe a gefe, na oksalik ya fi jurewa. Cinikin ke nan: abin da ka samu a tauri, ka biya shi da jinkirin rini. In ka sa mahaɗi, ƙara wa rini lokaci, ko ka ƙara wa sulke minti 10 don ramin ya yi zurfi.

Abin da mahaɗi ba zai yi ba shi ne ya maye gurbin ƙanƙara. Digiri huɗu ko biyar yake saya maka. A digiri 33 irin na ranar farkona, ko me ka zuba, toka za ka kwasa.

Rini da toshewa

Kashe wuta, ciro, ɗauraye sau biyu da tataccen ruwa, kada ka bari ya bushe. In kana son tabbatarwa, taɓa mita a wani lungu: sulke ba ya wuce da wuta.

Galurar da aka yi don alminiyom ita ce ta fi, a digiri 50 zuwa 55, minti 10 zuwa 15. Kada ta tafasa, don tafasa na toshe ramin kafin launi ya shiga. Wasu galurorin tufafi masu narkewa a ruwa kai tsaye suna kamawa, amma ranar Damagaram tana kodar da su. Sun dace da kayan cikin ɗaki. Baban marina da galurar shadda da ake haɗawa da soda ba sa yi, don toka da soda cin sulken suke. Kuma kada a rina cikin abin da za a ci abinci a ciki.

Toshewa ita ce tafasa ƙarfen cikin tataccen ruwa, minti 2 zuwa 3 a kan kowane maikiron. Mai maikiron 18 zai ci kusan minti 45. Oksid ɗin yana shan ruwa ya kumbura, bakin ramin ya rufe da launi a ciki. Tukunyar ta zama mai tsabta, wadda ba a wanke da omo ba, don wasu garin sabulu na da fosfet da silikat masu hana toshuwa. In ya huce, ja masa layi da alƙalamin maka a bayansa ka goge da alkol: in tabo ya zauna, bai toshe ba, mayar da shi wuta.

Ruwan asid kuwa ba a zubar da shi don an gama aiki ɗaya. Cire farantin, juye ruwan a jarka mai murfi, rubuta a jiki abin da ke ciki da mahaɗin da ka sa da ranar da ka sa, ka ɗora inda yara ba sa kai. Ranar da ya tsufa, ka riƙa zuba masa kanwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina tashi, sannan a zubar nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.